Ƙaramin sitiyari, babban aiki: abin da masu haɗa mota da hannunsu a Ingila ke ganowa bayan sun biya kuɗi

In kana yawan kallon bidiyoyin motoci a TikTok ko Instagram, da wuya ka ce ba ka taɓa cin karo da irin wannan ba. Wani Bature zaune cikin wata 'yar mota mara rufi, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi kwalta, riƙe da ɗan sitiyarin da bai fi murfin tukunya ba. Ya tsaya, ya ja wani zobe a bayan sitiyarin, ya zare shi ɗungurungum ya ɗora a kan bonet, sannan ya zaro dogayen ƙafafunsa ya fito. Ka leƙa kwament ka ga an cika shi da alamar wuta, kowa na tambayar inda ake samun irinsa.

Ni ma na burge, ba zan yi ƙarya ba. Amma akwai wurin da bidiyon ke yankewa kullum, kuma ba haka kawai ba ne. Ba a nuna maka lokacin da mutumin ya koma gida zai shigar da motar gareji da baya, yana murza ɗan sitiyarin nan da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun tashi, gumi na tsiyaya duk da sanyin Ingila. Wannan gumin shi ne maganarmu ta yau, don a cikinsa akwai wani lissafi da ya kamata duk mai shirin taɓa sitiyarin motarsa ya sani kafin ya ciro kuɗi.

Wace irin mota ce wannan?

Turawa na ce mata kit ka, mu kira ta motar haɗa-da-kanka. Kamfani zai aiko maka da ƙashin motar, bodi, da sauran tarkace a cikin kwalaye, kai kuma ka shiga gareji da sifana ka haɗa abarka. Wani ya gama cikin 'yan watanni, wani ya shekara biyar yana fama, wani kuma har ya sayar da aikin rabi-da-rabi saboda matar gida ta gaji da ganin ƙarafa a tsakar gida.

Uwar irin waɗannan motoci ita ce Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fito da ita a 1957. A wancan zamanin, in ka sayi sabuwar mota a Birtaniya sai ka biya haraji mai nauyi, amma in a warwatse ka saye ta, harajin bai hau kanka ba. Shi ya sa aka riƙa sayar da ita a kwali. Da Birtaniya ta kawo harajin VAT a 1973, wannan ƙofa ta rufe, Lotus ta sayar wa wani dilanta, kamfanin Caterham, haƙƙin ci gaba da ƙera motar. Har yau Caterham na yin ta a garin Dartford, kuma har yau kana iya cewa a kawo maka ita a warwatse. Ƙaramar cikinsu, Seven 170 da ta fito a 2021, kilo 440 kacal gare ta, da ɗan injin Suzuki mai cc 660. Kwatanta da Corolla da ta haura kilo 1,200.

Sai kuma masu ƙaramin ƙarfi. A 1996 wani mai suna Ron Champion ya fitar da littafi da ya ce za ka iya haɗa irin wannan mota da fam 250, in ka iya walda kuma ka samu tsohuwar Ford Escort ka yanka. Daga nan aka samu motocin da ake kira Locost. Daga baya da tsofaffin Escort suka yi wuya, aka koma yanka Ford Sierra, sannan Mazda MX-5. Abin nufi, inji, giya, birki da kayan sitiyari duk daga motar da aka yanka ake ciro su.

To a nan matsalar ke farawa. Sitiyarin motar iyali faɗinsa kan kai milimita 370 zuwa 380. An yi shi ne don ɗaki mai yalwa. Ita kuwa Seven, wurin zaman direbanta kamar baho ne: ka zura ƙafafu ka kwanta, kafaɗarka na gogar ta abokin zamanka. In ka ɗora mata sitiyarin Sierra, ƙasansa zai zauna a kan cinyarka, gwiwarka ta riƙa buga shi duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur zuwa birki. Matsewar ta kai har Caterham da kanta ta fito da wani samfuri mai suna SV, mai ƙarin faɗin kusan santimita 11, saboda masu jiki. Don haka yawancin masu waɗannan motoci ba gayu ne ya fara kai su ga ƙaramin sitiyari ba, neman wurin sa gwiwa ne. Sai su sayo mai faɗin milimita 300, ko 280, wasu har 260.

Ranar da aka ɗaura, murna. Ranar da aka fita da motar, sai a ji kamar an ɗaure tayoyin gaba da igiya.

Ka tuna da mai faci

Ka taɓa tsayawa wurin mai faci notin taya ya ƙi kwancuwa? Me yake yi? Ba ya zuwa neman ƙato. Dogon bututun ƙarfe yake ɗaukowa ya zura a hannun sifanar, ya danna da hannu ɗaya, noti ya saki. Ƙarfinsa bai ƙaru ba, tsawon hannun sifanar ne ya ƙaru. Ko ka gwada tura ƙofar ɗakinka daga kusa da inda take maƙale da bango, sannan ka tura ta daga wurin mariƙi. Ƙofa ɗaya ce, amma wahalar ba ɗaya ba ce.

Sitiyari sifana ne da aka lanƙwasa ya zama da'ira. Noti shi ne sandar da ke tsakiyarsa, tsawon hannun sifanar kuma shi ne nisan da ke tsakanin tsakiya da inda ka kama. Wanda ya rage faɗin sitiyari, tamkar ya zare bututun mai facin nan ne ya ce zai kwance notin da gajeriyar sifana.

Bari mu sa lamba a kai, ba wuya. Sitiyari mai faɗin 380, hannun sifanarsa milimita 190 ne. Mai faɗin 280, nasa 140 ne. Raba 190 da 140, za ka samu 1.36. Wato duk ƙarfin da kake sawa a da, yanzu sai ka ƙara kashi 36 cikin 100 a kai. In a da juya taya a tsaye yana cin ka ƙarfin ɗaga kilo 10, yanzu ya koma kusan kilo 13 da rabi. Daga 350 zuwa 300 kuwa, ƙarin wajen kashi 17 ne. Lissafin ke nan gaba ɗaya: tsohon faɗi a raba da sabo. Babu tsadar fata ko sunan kamfani da zai sauya shi.

Shi ya sa tsofaffin manyan motoci, irin Bedford da gingimari da kakanninmu suka yi lodin gyaɗa da su, ke da sitiyari kamar faifai, direba na rungumarsa yana jujjuyawa da dukan jikinsa. Ba rashin iya ado ba ne. Babu fawa, tan-tan na kaya na danne tayoyin, faɗin nan shi ne fawar. Sai a 1951 ne ma Chrysler ta fara sayar da motar hawa mai fawa sitiyari a Amurka, kuma daga lokacin da fawa ta yaɗu ne sitiyari ya samu damar ƙanƙancewa. Motocin haɗa-da-kanka irin Seven kuwa, galibinsu babu fawa ko kaɗan. Abin da ke tsakaninka da kwalta ƙarfe ne da damtsenka.

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai ƙaramin sitiyari na sa mota saurin juyawa. Rabin gaskiya ce. In ka murza babba kwata, ka murza ƙarami kwata, tayoyin gaba daidai wa daida za su karkata. Abin da ya bambanta shi ne tafiyar da hannunka ya yi: a kan ƙaramin, santimita kaɗan ya isa. Shi ya sa kake jin motar ta ƙara kaifi. Wannan kaifin yana da daɗi a filin tsere. A kan doguwar hanya kana gudun 110 kuwa, atishawa ɗaya ta isa ta matsar da kai rabin layi.

Inda ake ninka wahalar

Da a ce sitiyarin kaɗai aka sauya, da da sauƙi. Amma mai son mota ba ya tsayawa a abu ɗaya.

Ƙarƙashin bonet akwai abin da kanikawa ke kira rak: doguwar sanda mai haƙora, da ɗan giya da ke tura ta hagu da dama idan ka murza. Shi ke yanke hukuncin zagaye nawa za ka yi daga ƙurewar hagu zuwa ƙurewar dama. Rak ɗin tsohuwar Escort, wanda aka fi ɗaurawa a Locost, wajen zagaye uku da rabi yake yi. Amma a kasuwar kayan tsere ana sayar da masu sauri, masu zagaye 2.9, har da masu 2.4. Kowa na son mai sauri, don a kwana ba sai ka saki hannu ka sake kamawa ba.

Sai dai shi ma ba kyauta ba ne. Raba 3.5 da 2.4, ka samu 1.46. Ƙarin kashi 46 ke nan. Kuma abin da mutane ke mantawa shi ne, waɗannan ƙarin biyu ba tara su ake yi ba, ninka su ake yi. 1.36 sau 1.46 ya ba ka kusan 2. Wanda ya haɗa sitiyarin 280 da rak mai 2.4 ya ninka nauyin tuƙinsa kusan sau biyu, sannan ya zo yana mamakin me ya lalace. Babu abin da ya lalace, malam.

Ga wata hanyar gane shi da ta fi min daɗi. Da babban sitiyari da rak na asali, hannunka zai yi tafiyar kusan mita 4.2 a kan da'irar kafin taya ya tashi daga ƙurewar hagu zuwa ta dama. Da ƙaramin da rak mai sauri, mita 2.1 ne. Aikin juya tayar bai ragu ba ko da ƙwayar zarra. Ka ce za ka yi shi a rabin tafiya, to dole ka biya da ninkin ƙarfi. Kamar hawa bene ne: ko matakala ashirin gajeru, ko goma dogaye. Benen dai na nan a inda yake.

Sai taya. Wanda ya kashe kuɗi a kan sitiyari da rak, da wuya ya bar siririyar taya. Zai sa mai faɗi, mai laushin roba da ke kama kwalta kamar danƙo. A tsaye, juya sitiyari yana nufin murje wannan robar a kan ƙasa, don haka duk abin da ya ƙara mata kamu ya ƙara maka aiki. Rashin isasshiyar iska ma haka. Kuma a nan akwai tarko: saboda rashin nauyin Seven, masu ita kan tsaya a wajen 18 a geji, ba 32 irin na motar gida ba. In ka bunƙara mata iska don sitiyari ya yi laushi, zai yi laushin, amma motar za ta riƙa tsalle tana sakin hanya. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ba a gani da ido

Dubi gaban babur ko keke daga gefe. Ƙarfen da ya riƙe tayar gaba ba a miƙe yake ba, samansa ya kwanto baya. Wannan kwanciyar ce ke sa taya ta nemi miƙewa da kanta idan ana tafiya, shi ya sa yara ke iya sakin hannu a kan keke. Mota ma tana da irinta, masu alaimen na kiranta kasta. Ita ce ke dawo maka da sitiyari tsakiya bayan ka sha kwana. Amma ƙarfin da ke dawo da shi ɗin, shi ne kuma kake kokawa da shi lokacin da kake shiga kwanar. Kasta mai yawa, mota mai natsuwa a miƙe, sitiyari mai nauyi. Kasta kaɗan, sitiyari kamar auduga, mota mai yawo.

Sai ka ce to a rage kastar mana. A Birtaniya ba ka da wannan 'yancin yadda kake so. Kafin a ba motar da ka haɗa lamba, sai ta ci jarrabawar da ake kira IVA, wadda ta maye gurbin tsohuwar SVA a 2009, kuma hukumar DVSA ke gudanar da ita. Cikin abin da mai dubawa ke gwadawa har da cewa sitiyari ya nuna alamar komawa tsakiya da kansa idan motar na tafiya. Motocin da aka haɗa a gida da yawa a nan suke tuntuɓe. Ana kuma duba cewa sandar sitiyarin an yi ta yadda za ta lotse ko ta karye gefe idan an yi karo, kada ta zama mashi a ƙirjin direba, kuma sitiyarin kansa ba shi da kaifi ko abin da zai kama riga ko zobe.

Akwai kuma masu tura tayoyi waje da faranti a bayan rim don motar ta yi faɗi ta ba da tsoro. Yin hakan na nisanta tsakiyar taya daga layin da take juyawa a kai. Sakamakon shi ne duk ramin da taya ɗaya ta faɗa, ko dutsen da ta taka, yana samun dogon hannun da zai fizgi sitiyarin da shi. To ka tuna sifanar nan aiki take ta fuska biyu. Yadda ka rasa ƙarfi a kan taya, haka taya ta samu ƙarfi a kanka. Bugun da babban sitiyari zai kawo maka a matsayin ɗan girgiza, ƙarami zai kawo shi a matsayin fizga. Shi ya sa direbobin tseren daji ke gargaɗin kada ka zura babban yatsa cikin sitiyari, ka ɗora shi a kan da'irar. A ganina wannan ya fi zancen gumin fakin muhimmanci nesa ba kusa ba. Gumi a gareji abin dariya ne. Sitiyari ya ƙwace maka a tsakiyar kwana ba abin dariya ba ne.

Me ya sa wasu suka tsira, wasu suka sha?

Nauyi. Seven mai kilo 550, kusan rabi ne ke kan gaba, wato kowace tayar gaba na ɗauke da abin da bai kai buhun shinkafa uku ba. Ko ka ƙara kashi 36 a kan abu kaɗan, kaɗan ɗin ne dai. Shi ya sa Caterham ke iya fitowa daga masana'anta da ɗan sitiyari ba fawa, kuma masu ita na yabon yadda suke jin kowane tsakuwa a tafin hannunsu.

Amma ba duk motar haɗa-da-kanka ce Seven ba. Akwai masu kwaikwayon AC Cobra, motar nan ta Carroll Shelby ta shekarun 1960. Waɗannan kan ɗauki ƙaton inji V8 a gaba, nauyinsu ya kai tan guda ko ya wuce, ga tayoyi kamar ganga. Mai irin wannan da ya ga ɗan sitiyari a motar abokinsa mai Seven ya ce shi ma sai ya sa, shi ne ke dawowa yana neman mai saye.

Kuma kafin wani ya kawo min misalin Formula 1: eh, nasu bai kai milimita 300 ba, amma motocin na da fawa. A gasar IndyCar ta Amurka da kuma Formula 2 ne babu fawa, kuma direbobin can horon damtse da wuya suke yi kamar 'yan dambe. Su ma ba sa fakin a kasuwa.

Abin lura shi ne wahalar duk a tsaye take da kuma tafiyar hawainiya. Da zarar taya ta fara gungurawa, nauyin ya faɗi sosai. Tsofaffin direbobi sun san wannan tun kafin a haife mu: ba sa murza sitiyari mota na tsaye cak, balle ƙafa na kan birki. Sukan bar ta ta ɗan motsa tukuna.

To mene ne mafita?

Masu hankali a cikinsu ba sa fara zargin faɗin sitiyari. Sukan ɗaga gaban motar da jak, tayoyi a sama, su juya da yatsa biyu. In ya yi tauri a haka, to matsalar ba ta lissafi ba ce: wani boljoyin ya ƙame, ko an matse rak fiye da kima, ko mahaɗan sandar sitiyarin sun karkace da yawa, ko bushin ya cije. A motar da aka haɗa a gida, irin wannan ba baƙon abu ba ne, kuma babban sitiyari ne ke ɓoye shi. Da ka sa ƙarami sai asiri ya tonu.

In kana son sanin gaskiyar nauyin, ba sai da na'urar miliyan ba. Ma'aunin rataye irin na masu sayar da kaji ya isa. Ka sauke motar ƙasa, ka maƙala ƙugiyarsa a bakin da'irar, ka ja a gicciye har taya ta fara juyawa, ka karanta. Ninka abin da ka gani da tsohon faɗi, raba da sabon da kake sha'awa. Ka ga abin da za ka tarar tun kafin ka saya.

Zama ma na da tasiri fiye da yadda ake zato. Wanda ya kwanta baya hannuwa a miƙe sambal, da tsintsiyar hannu kaɗai yake tuƙi. In sitiyarin ya matso, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kafaɗa da ƙirji sun shigo aikin. Wani lokacin ɗan ƙarfen da zai matso da sitiyarin santimita huɗu ko biyar ya fi duk wani gyara amfani. Ga kuma masu siffar harafin D, wato ƙasan a shafe: gwiwa ta samu wuri, gefen da kake kamawa bai rasa faɗinsa ba. Da yawa kan ƙare a tsaka-tsaki, 300 zuwa 330, bayan sun yi asarar kuɗin na farko.

Wanda duk wannan bai ishe shi ba, sai ya koma ga fawa ta lantarki. Wannan fasaha Suzuki ta fara sa ta a 'yar motarta Cervo a 1988, yanzu kuwa kusan kowace sabuwar ƙaramar mota ita gare ta. Masu haɗa mota a Ingila kan ciro sandar sitiyarin tsohuwar Vauxhall Corsa, wadda mu muka sani da Opel Corsa, saboda injin lantarkin a jikin sandar yake, ba ruwansa da mai ko famfo. Sai a haɗa masa ɗan akwati da maɓalli a dashbod: ka murɗa sama lokacin fakin, ka rage a kan hanya. Yana aiki. Abin dariyar kawai shi ne mutum ya sayi motar da babu komai a cikinta don ya ji hanya a hannunsa, ya ƙanƙanta sitiyari, sannan ya ƙaro kilo da wayoyi don ya daina jin abin da ya nema.

Mu da ba mu da Seven fa?

Na san da yawanku ba gareji a Ingila kuke da shi ba, Golf ce ko Civic ko Corolla, kuma kun ga irin wannan sitiyarin a shagon kayan ado ko a intanet. A motarku ba za ku ji nauyin nan a ranar farko ba, domin fawa na rufa asiri. Ranar da za ku ji shi ita ce ranar da bel ya tsinke, ko mai ya tsiyaye, ko inji ya mutu ana cikin tafiya.

Kamfanoni ba da ka suke zaɓar faɗin sitiyari ba. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 79, wadda Turai ke bi wajen amincewa da sababbin motoci, ta ce a gwajin juyawa a gudun kilomita 10, ƙarfin da direban motar hawa zai sa kada ya wuce kimanin kilo 15 idan komai lafiya, kada kuma ya wuce kimanin kilo 30 idan fawa ta mutu. Da sitiyarin asali aka yi wannan gwajin. A ce motarka na buƙatar kilo 25 ranar da fawa ta tafi. Da ɗan sitiyarin 280, ya zama 34. Motar da kusan kashi 60 na nauyinta ke kan tayoyin gaba, a cikin shataletale, ga A Daidaita Sahu a gefenka. Ka kuma tuna ba kai kaɗai ke jan motar ba. Wata rana ƙanwarka ce, wata rana Baba.

Babban abin ma ba wannan ba ne. A cikin sitiyarin asali jakar iska take. Motocin haɗa-da-kanka ba su da ita tun farko, masu su bel mai igiya huɗu suke ɗaurawa ya manne su da kujera, don haka ba su yi asarar komai ba. Kai kuwa in ka cire naka, ka cire abin da aka tsara zai tari fuskarka da ƙirjinka, kuma bel ɗin motocin zamani da yawa an yi shi ne ya ɗan saki da gangan lokacin karo saboda an san jakar na gaba tana jira. Akwai masu sa ɗan abu a waya don fitilar gargaɗin ta mutu. Fitilar ce ta mutu, jakar ba ta dawo ba. Ga hon da zai iya daina aiki, ga sigina da za ta daina kashe kanta bayan kwana, ga saman da'irar da zai rufe maka ma'aunin gudu.

Sannan kasuwa cike take da na jabu masu ɗauke da sunan Momo ko Nardi ko Sparco. Na gasken ma ramukan kusoshinsu ba ɗaya ba ne: Momo da Sparco a kan da'irar milimita 70 suke, Nardi a kan 74, don haka mazaunin wani ba ya karɓar wani sai an yi dabara, kuma sitiyari ba wurin dabara ba ne. Na jabun kuwa, ka kama shi a shagon da hannu biyu, ka tura gefe ɗaya gaba ka ja ɗayan baya. In ka ji ya ba da kai ko kaɗan a hannunka, ajiye wa mai shi kayansa.